Yaron da ya fi kowa hannu a filinmu

Da tsintar ƙwallo na shiga tanis. Ina ɗan shekara 10 nake takowa daga Fagge a Kano, manya su buga mu tsinto, in sun tafi sallar magariba mu yi rububin wani tsohon raket da wani Alhaji ya bar mana. Yau ni ke koyar da yara, kuma kashi biyu suke zuwa mini: waɗanda direba ke saukewa daga Nassarawa, da waɗanda ke zuwa da silifas kamar yadda na zo.

Kafin su kai shekara 12, wallahi ba ka ganin bambanci a fili. Sau tari ma 'yan silifas sun fi, don su ke wuni a nan, ba sa gudun ranar Afrilu. Akwai wani ɗan mai gadi da na koyar shekara 4, ban taɓa riƙe yaro mai hannunsa ba. Lokacin gasar tanis ta Dala da ake yi a nan Kano yakan zauna bakin fili tun safe yana haddace bugun manya.

Da ya cika 13 aka fara rabuwa. A shekarun nan hukumar tanis ta duniya ke buɗe wa yara gasanninta, maki kuma sai an je an buga ake samu: Abuja, Legas, wani lokaci har tsallaken iyaka. Kuɗin mota, masauki, abinci na mako guda, ga wanda zai raka shi. Ga simintinmu da ke cinye takalmi cikin 'yan watanni, ga tsirkiyar raket da ke tsinkewa, ita ma daga waje ake kawo ta, tana bin farashin dala. Na yi kuskure a nan: na yi ta gyara masa bugu, ban nema masa mai ɗaukar nauyi tun da wuri ba.

Nakan ba shi labarin Frances Tiafoe, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ya yi aikin shara da gyare-gyare a wata cibiyar tanis a Amurka, amma shi Tiafoe har ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar US Open ta 2022. Da Nduka Odizor, mai tsintar ƙwallo a Legas, da ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1983. Abin da na daɗe ban faɗa masa ba shi ne, dukansu akwai wanda ya zura hannu a aljihu dominsu.

Ranar da mahaifin yaron ya zo, sai ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, amma gida na bukatarsa." Na ce, "Baba, a ba ni shekara ɗaya." Ya yi shiru, ya kalli takalmin yaron da yatsa ya leƙo.

Yanzu adaidaita sahu yake ja. Duk Asabar yakan ajiye ta bakin ƙofa, ya karɓi raket ɗina ya buga da ƙananan.