Bambar Motar da ke Goyon Ɗaki: Lissafin Nauyi, Ƙarfe da Noti

A Amurka da Kanada akwai masu tafiyar hutu da ke ɗora ɗakin kwana sukutum a bayan a-kori-kura, da gado da murhu da tankin ruwa da banɗaki duk a ciki. Ɗakin yana tsaye a kan ƙafafun jak huɗu, a shigo da mota da baya ta ƙarƙashinsa, a sauke shi cikin bodi, a ɗaure. Kamfanoni irin su Lance da Northern Lite da Host ne ke ƙera su, motocin da ke ɗauka kuwa galibi Ford F-350 ne, ko Ram 3500, ko Chevrolet Silverado 3500. Ƙaramin ɗaki yakan kai kilo 900, manyan suna haura kilo 2,000 idan an cika ruwa da kaya. Mai irin wannan mota, ko ba jima ko ba daɗe, sai zancen sauya bamba ya taso masa, domin wadda kamfani ya sa ba da tunanin ɗaki aka yi ta ba.

Kafin a je wurin mai walda ko a yi odar ta kanti, a fara zuwa sikeli. A jikin ƙofar direba akwai takarda mai lambobi uku: iyakar nauyin motar gaba ɗaya, iyakar abin da aksul na gaba zai ɗauka, da iyakar na baya. A ɗora ɗakin, a cika mai da ruwa, masu tafiya su shiga, a hau sikelin manyan motoci irin na CAT Scale da ke tashoshin tireloli, wanda ke auna kowane aksul daban. Abin da ya rage tsakanin awon da lambar ƙofa shi ne kuɗin cefanen bamba, ba ƙari. Da yawa idan sun auna sai su tarar aksul na baya saura kilo 100 ko ƙasa da haka ya cika, wasu ma sun riga sun wuce.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne kilo ɗaya a bamba ba kilo ɗaya ba ne a kan taya. F-350 mai ƙofa huɗu da dogon bodi, tsakanin aksul da aksul mita 4.47 ne. A ce an rataya kilo 150 a nisan mita 1.8 bayan aksul na baya. A haɗa 4.47 da 1.8, a raba da 4.47, a ninka da 150: kilo 210 ke nan ya hau tayoyin baya, kilo 60 kuma ya sauka daga na gaba. Wannan kilo 60 ɗin shi ne ke sa sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su ɗaga sama suna kashe wa masu tahowa ido, birkin gaba ya rage kamu. A gaba ma haka: ƙarin kilo 150 a mita ɗaya gaban aksul yana ɗora wa tayoyin gaba kusan kilo 184. Idan motar mai injin dizal ce, wanda dama ya fi na fetur nauyi sosai, aksul na gaban ba shi da sarari mai yawa tun asali.

Ta gaba ta fi sauƙin sha'ani, don haka ba sai an daɗe a kanta ba. Dalilin sa ta biyu ne: dabbobin da ke tsallaka titi da dare, barewa a Amurka, babban gwanki mai ƙahoni a Kanada, kangaru a Ostareliya, sai kuma wurin zaman injin jan mota idan ta kafe. Ranch Hand na Texas da Buckstop na Oregon da ARB na Ostareliya suna yin na ƙarfe, Aluminess na Kalifoniya kuma da alminiyam ya yi suna. Cikakkiyar ta ƙarfe mai garkuwar fitilu takan haura kilo 100. Injin ja kuwa ƙa'idarsa ya iya jan ninki ɗaya da rabi na nauyin motar: mota da ɗakinta kilo 5,000 tana buƙatar mai jan kilo 7,500, irin wanda ake rubuta wa fam 16,500 a awon Amurka, kuma shi kansa yana kusan kilo 60 idan igiyarsa ta ƙarfe ce. Igiyar roba mai saƙa tana rage kilo goma da wani abu.

Abubuwa uku ke lalacewa a gaba. Na farko iska: farantin da ya toshe ƙasan lagireto yana hana iska isa wurin sanyaya injin da na giya, kuma ba a ganewa sai an hau dogon tudu da ɗaki a baya, allurar zafi ta fara tashi. A bar ramin iska aƙalla daidai faɗin na asali. Na biyu sansa: na'urar da ke auna tazarar motar gaba ba ta gani ta cikin ƙarfe, kuma idan ta karkace ko kaɗan daga yadda take, sai ta riƙa taka birki babu dalili ko ta daina aiki, bayan an mayar da ita sai an sake saita ta da kwamfuta. Na uku jakar iska, wadda aka tsara fashewarta bisa yadda gaban motar ke lotsewa. Shi ya sa ARB ke sa maƙalai masu lanƙwashewa tsakanin bamba da shasi. Wanda ya ƙera tasa a gida ya ɗaure ta ƙam, ya sani ya canja wannan lissafin. A Tarayyar Turai ma an taƙaita irin waɗannan garkuwoyi masu tauri tun 2007 saboda masu tafiya a ƙasa.

Baya ne wurin aikin gaske. Dogon bodi mita 2.44 ne, amma ƙasan ɗaki yakan kai mita 3 zuwa 3.5, wato ya zarce motar da rabin mita ko mita guda, ya kuma sauko ya rufe bambar asali. Ƙofar bodi an cire ta, kyamarar baya da ke jikinta ta tafi da ita. Lambar mota ta ɓuya a ƙarƙashi. Ramin da ake zura sanda a sauke tayar safaya, wanda a yawancin motocin nan ta cikin bamba ya bi, shi ma ya toshe, kuma ba a tunawa da shi sai ranar da taya ta yi faci a daji. Duk wanda zai zana sabuwar bamba ya fara da waɗannan huɗun, ya ƙara da bakin bututun zubar da ruwan datti na ɗakin, da hanyar ƙafafun jak na baya idan suna sauka, da soket mai baki bakwai na wutar tirela.

A nan a rarrabe abu biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai bambar motar, wadda ke ɗaure da shasi, akwai kuma ta ɗakin, wadda ke jikin ɗakin kansa. Ta ɗakin sau da yawa siririn bututu ne mai kusurwa huɗu, inci 4, an yi shi don ajiye tiyon ruwan datti da taka ƙafa. Fox Landing na kamfanin Torklift, wanda aka yi wa ɗakunan Arctic Fox, ya ƙara faɗin matakala da wurin tsayuwa, amma shi ma na mutum ne ya taka. Masu ɗaura janareta ko kekuna a bambar ɗaki su ne ke ganin walda ta tsage a kusurwa, ko katakon ƙasan ɗakin ya fara rabuwa da bango, ruwa ya samu hanya. Kayan nauyi shasin mota ne ya kamata ya ɗauke su.

Haka zancen ɗaure ɗakin. Tsarin kamfanin Happijac yana kafa maɗaurin baya a gefen bambar mota, tsarin Torklift kuma kai tsaye a shasi. Bambar kamfani ta zamani siririn ƙarfe ce da roba, ɗaki mai nauyi yana jan ta sama har kusurwarta ta murɗe. Idan sabuwar bamba ce za ta riƙe maɗauri, kunnen da za a maƙala shi ya zama farantin milimita 10, kuma ya zauna daidai kan maƙalin da ya shiga shasi, kada a liƙa shi can a ƙarshen gefen bamba. Sandar ɗaurin ta kasance mai sifirin a ciki, domin shasi yana murɗawa a hanya mai gargada, ɗaki kuwa ba ya murɗawa. Idan babu abin da zai ba da kai, ƙugiyar jikin ɗakin ce za ta fizge.

Mai son jan tirela ko kwalekwale a bayan ɗaki yana da wata matsalar. Ramin jan tirela yana can ƙarƙashi, dole a sa masa sandar ƙari. Ƙwallon da tirela ke maƙalewa a kai, wanda a da yake santimita 25 daga fil ɗin da ke riƙe shi a ramin, yanzu ya koma mita 1.2, ƙarfin murɗar da ke kan ramin ya ninka kusan sau biyar. Sandar ƙari ta kanti mai bututu ɗaya takan rage abin da aka yarda a ja da rabi. Maganin da aka sani shi ne irin SuperHitch da SuperTruss: ramuka biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sanda mai bututu biyu, da sarƙoƙi biyu a ɗame zuwa gefe don hana lilo. Kada mai walda ya yanka rami a tsakiyar bamba ya liƙa bututu ya ce an samu wurin ja. Bututun ya ratsa ta cikin gindin ƙarfen da ya haɗa ɓangarorin shasi biyu, a yi masa walda gaba da baya, a sa masa haƙarƙari.

Kaurin ƙarfe kuwa, fatar waje milimita 4 zuwa 5 ta isa, maƙalan shasi 6 zuwa 8, kunnuwan ja 20 ko fiye. Farantin milimita 5 yana da kilo 39 a kowace murabba'in mita, na 6 kilo 47, saboda haka ƙarin milimita ɗaya a fata kilo 16 ne a bamba mai murabba'i biyu, kuma ba abin da ya ƙara sai nauyi. Ƙarfi daga lanƙwasa yake zuwa: faranti mai lanƙwasa uku da haƙarƙari a ciki ya fi mai kauri shimfiɗaɗɗe. Alminiyam na milimita 6 kilo 16 ne kawai a kowace murabba'in mita, shi ya sa a ganina mai ɗaki ya fi dacewa da shi, in aljihu zai iya. Sai dai yana da sharuɗɗa. Samfurin 5052 shi ke lanƙwasuwa lafiya, 6061 yana tsagewa a lanƙwasa mai kaifi kuma yana rasa ƙarfi sosai a gefen walda. Inda ya haɗu da ƙarfe a sa roba ko fenti mai kauri a tsakani, in ba haka ba gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara zai sa ya riƙa zama farin gari.

Shasi ba a yi masa walda. Na motocin yanzu, kamar Super Duty na Ford, jerin da F-350 ke ciki, daga 2017, ƙarfe ne mai tauri na musamman da zafi ke raunanawa, tsagewar kuma a gefen waldar take farawa. A yi amfani da ramukan da kamfani ya bari. Idan dole a huda, a huda tsakiyar bango, kada a taɓa leɓen sama ko na ƙasa. Inda shasin rufaffen akwati ne, a zura guntun bututu a ciki don noti ya matse a kansa, in ba haka ba bangon zai lotsa, notin ya saki bayan 'yan makonni. Kusoshi su zama masu lamba 10.9 a kai, ko masu zane shida na awon Amurka, aƙalla uku a kowane gefe, a jere su kamar duwatsun murhu don kada bamba ta juya. Mai kaurin milimita 12 ana ɗaure shi kusan Nm 115 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a sifana mai awo, mai 14 kusan 185. Wannan magana ɗaya ce da ta masu walda a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano da ke yi wa Hilux garkuwa: ƙarfe mai kauri a fata, maƙali siriri, walda a kan shasi, shi ne aikin da ke dawowa.

Hannun ƙarfe mai buɗewa kamar ƙofa a jikin bambar baya, na ɗaukar safaya da jarkoki, kowa yana sha'awarsa, amma a yi lissafi. Taya mai inci 35 da ƙafarta ta haura kilo 40, jarkar lita 20 ta ruwa kilo 20 ce da ɗoriya, hannun kansa kilo 25 zuwa 30. Mahaɗin da hannun ke juyawa a kai ya zama sandar aksul ta tirela mai boris biyu da giris, ɗaya bakin kuma ya hau kan matashi na roba kafin a kulle, ta yadda nauyin ba zai rataya a boris kaɗai ba. A sa fil mai riƙe shi a buɗe, don a kan gangara yakan dawo da ƙarfi. Abu mafi muhimmanci, ƙofar ɗakin a baya take: idan hannun ya kulle daga waje da mutum a ciki, an rufe shi ke nan. Tukunyar gas da jarkar fetur ba wurinsu ba ne nan, don nan ake fara bugu, ga salansar dizal da hayaƙinta kan kai kusan digiri 600 lokacin da take ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta.

Kafin a yanka ƙarfe a yi samfuri da kwali, ɗakin yana kan mota, a bar tazarar santimita 3 zuwa 5 tsakanin bamba da ƙasan ɗakin. A ja zare daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa ƙarshen ɗakin. Duk abin da ya sauko ƙasa da zaren zai daki ƙasa a bakin kwari. A ɗiga walda kaɗan-kaɗan a jikin mota bayan an cire batir, a sauke a gama a ƙasa, ana tsallake wuri don kada zafi ya karkatar da ita. A huda ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya fita, a gwada komai ya zauna, sannan a kai fenti, da shafin farko mai sinadarin zinki. Bayan kilomita 150 na farko a sake bin notuna da sifana, a sake bi bayan 800, a koma sikeli da ɗakin a cike a ga inda lambobin aksul biyu suka tsaya.