Inda aka kwana a neman manhajar da makaho zai haɗa kwas da hannunsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan koyo. Tun bayan girbin gero nake ta gwada manhajojin haɗa darussa a intanet, ga abin da ya samu zuwa yanzu.

Kwas ɗin da nake haɗawa na 'yan'uwana makafi ne, na koyon sarrafa wayar Android da TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho allon wayar: kira, ajiye lamba, WhatsApp, tura kuɗi ba sai an miƙa wa wani waya ba. Daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim nake aikin, da tsohuwar kwamfuta ta gwanjo wadda nake kai wa mai sola caji. Manhajar NVDA ce ke karanta min allo. Kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka raine ta, an kuma fara ta a 2006. JAWS ma tana da kyau, sai dai ta kuɗi ce, kuɗin kuma ba na mai zaman ƙauye ba ne.

Babban abin da nake so ku riƙe shi ne, duk manhajar haɗa kwas fuska biyu gare ta, ta ɗalibi da ta malami. Idan kamfani ya ce kayansa na tafiya da manhajar karanta allo, sau da yawa ɓangaren ɗalibi yake nufi. Sun ɗauka makaho kullum shi ne mai zuwa a koya masa. Na shiga wata ta kuɗi da ake yawan yabo, a matsayin ɗalibi komai lafiya lau. Da na juya ɓangaren malami, sai na tarar jera darussa ba ya yiwuwa sai an kama darasi da linzamin kwamfuta an ja shi an sauke a inda ake so. Maɓallan wajen ɗora sauti kuwa ba su da suna, NVDA sai dai ta yi ta cewa maɓalli, maɓalli, kamar a kai ka kasuwar dare a ce ka nemo rumfar da ba a faɗa maka ta wane ne ba. Na rufe ta.

Yanzu kafin in ɓata data ina da gwajina. Ina shiga ɓangaren malami kai tsaye, in danna H in ji ko shafin yana da kanun da za a riƙa tsallakawa, in danna B in ji ko kowane maɓalli ya faɗi aikinsa. Insert da F7 kuma suna kawo jerin mahaɗan shafin gaba ɗaya. Daga nan sai in gwada abu uku da Tab da Enter kaɗai: buɗe sabon darasi, ɗora sauti, da mayar da darasi na uku ya koma na farko. Na ƙarshen nan shi ke tona asiri. Za ku ga wasu suna rubuta cewa sun bi ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, wadda aka fitar da zubinta na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a 2023. Alama ce mai kyau, amma ni sai na taɓa da yatsuna nake yarda.

Google Classroom ba ta da nauyi, kyauta ce ga mai adireshin Gmail, kuma ta ishi wanda yake so ya tura darasi ya karɓi aikin gida. Ni dai ina son kwas mai hawa-hawa da jarrabawa a cikinsa, shi ya sa na tsaya a kan Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a 2002. Tana da tarkace da yawa, shafin saitinta doguwar tafiya ce, amma wajen matsar da darasi akwai hanyar madannai. Akwai kuma kunshinta na Windows da ake girkawa a kwamfuta a yi ta atisaye ba tare da intanet ba. Ga wanda sai ya fita bakin makarantar firamare yake samun sabis, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ɗora ta a intanet don ɗalibai su shiga, shi ne mai cin kuɗi, kuma ban kai can ba tukuna.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne tsarin Aiken na shigar da tambayoyin jarrabawa a Moodle. A Notepad nake rubuta su: tambaya a layi ɗaya, zaɓi a ƙarƙashinta kowanne da harafinsa, A, B, C, sannan layin ƙarshe a rubuta ANSWER da manyan baƙaƙe, a sa ɗigo biyu (:) da harafin amsar. A bar layi ɗaya fanko, a shiga tambaya ta gaba. Fayil guda zai ɗauki jarrabawa sukutum, a ɗora shi lokaci ɗaya. Ku dai tabbata kun ajiye shi a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe su zama wasu alamomi.

Maganar waɗannan baƙaƙe ta kawo ni ga abin da bai warwaru ba. Muryar da ke kwamfutata da lafazin Turanci take karanta Hausa, ni na saba, amma sabon ɗalibi zai sha wahala. Saboda haka kowane darasi ina naɗar sa da muryata a Audacity, gajere, in fitar da shi a MP3 mara nauyi, rubutun kuma in sa shi a ƙasa. Da daddare nake naɗa, bayan awaki da injin markaɗe sun yi shiru. Manhajar Moodle ta waya tana bari a sauke darasi a saurara daga baya, don haka ɗalibi zai iya saukewa ranar kasuwa ya koma gida da abinsa.

Saura gwajin ɓangaren ɗalibi a ƙananan wayoyi masu ƙarancin ma'aji, irin waɗanda yawancin mutanenmu ke riƙewa. Idan a cikinku akwai mai iPhone da ke aiki da VoiceOver, wato manhajar karanta allo ta iPhone, ina neman wanda zai shiga jarrabawar farko ya faɗa min yadda zaɓin amsoshi ke fita a kunnensa.