Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Katangar da Ke Tsakaninmu da Baba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya na tsaya ne a inda aka gama rabon gadon marigayi maigidana, aka fitar mini da tumunin takaba, yara kuma suka yarda kada a sayar da gidan. Yau zan ba ku labarin ginin da ya kusa raba mu da mutanen da muka yi shekara da shekaru muna miƙa wa juna kwanon tuwo.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, can wajen Ƙofar Kuyambana. Wanda ya san cikin birni ya san yadda gidajenmu suke: ginin ƙasa na kaka da kakanni, wannan ya jingina da wancan, katanga ɗaya gida biyu, wani lungun ma da ƙyar mai kurar ruwa zai wuce. Ta gabas muna haɗe da gidan wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba. Ya girmi maigidana nesa ba kusa ba. Uwargidansa, Inna, ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, domin lokacin mahaifiyata ba ta da lafiya. Ranar da maigidana ya rasu, Baba ne ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa har aka yi sadakar bakwai. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ɗauka mugun mutum ne.

Babban ɗana ya gama karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, sai ya zo mini da maganar aure. Haya a Zariya ba ta talaka ba ce. Garin ɗalibai ne, daga Samaru har Kongo da Gyallesu ɗaki ba ya kwana babu mai nema, kuma mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule. Na duba albashin yaron nan na ga rabinsa a haya zai tafi. Ni kuwa ina da ɗan abin da na samu na garatuti bayan na bar koyarwa a firamare, ga kwasar adashi ta zo kaina. Sai na yanke shawarar a rushe tsohuwar turakar marigayi, wadda damina ta riga ta cinye gindinta, a yi ciki da falo da banɗaki na bulo, a zuba dekin a sama don ƙanensa ya samu inda zai ɗora nasa idan Allah ya kai mu.

Kafin a taɓa ko tubali ɗaya na aiki yaron da goro ya je ya shaida wa Baba. Ya sa albarka, har ya ce Allah ya sa ɗakin arziki ne.

Damina ta 2023 na ɗaukewa aka fara haƙa. Ranar da aka sauke rodi da tsakuwa a ƙofar gida, Baba ya dogaro sandarsa ya tsaya kan magini, ya tambaye shi wannan ƙarfen na mene ne. Magini ya ce, "Ai bene za a yi, Baba." Bai ƙara cewa uffan ba ya juya. Bayan la'asar ya aiko a kira ni.

Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da sakin fuskar da na saba gani ba.

"'Yar nan," ya ce, "ɗaki aka ce mini, ba a ce mini bene ba. Matana da jikokina a tsakar gida suke wuni, nan suke wanki, nan suke kitso, ga bayi can a kusurwa ba rufi. Kina so wani ya tsaya a taga yana ƙirga su?"

Na ce, "Baba, Allah ya kiyaye. Ai 'ya'yanka ne za su zauna a ciki."

"Yau 'ya'yana ne. Gobe idan ba ni ba ke, suka zuba 'yan haya fa?"

Wallahi wannan tambayar ta shige ni, don gaskiya ce. Daga nan ya kawo maganar ruwa. Tsohuwar turakar soro ce, indararonta cikin gidanmu yake zuba. Idan aka yi sabon rufi ya karkata gabas, ruwan sama gaba ɗaya a gindin katangar zai sauka, katangar ƙasa kuwa ba abin da ke kashe ta kamar ruwa a gindi. Sannan ga ramin da ake haƙawa dab da ita, ɗakin Inna kuma a jikinta yake. Ku tuna, watanni kaɗan kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zazzau ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajajen shekarun 1830, wanda muke alfahari da shi. Tun daga ranar, duk mai kwana a ɗakin ƙasa a birni sai ya ɗaga kai ya dubi azara kafin ya rufe ido. Tsoron Baba ba na banza ba ne.

Da a nan ya tsaya, da ranar aka gama. Amma sai ya ƙara da cewa katangar tasa ce shi kaɗai, mahaifinsa ya gina ta, har da taku biyu na ƙasar da ke bayanta ta ɓangarenmu. Wannan kam ban yarda ba, har gobe ban yarda ba. Ƙasar marayu ce, alƙali ya raba, ba ni da ikon in yi kyauta da ita don kunya. Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba tawa ba ce balle in bari." Na tashi jikina yana rawa.

Washegari ɗansa na tsakiya ya tare ɗana a bakin masallaci, ya ce idan aka ƙara ɗora bulo ɗaya zai kai ƙara hukuma a zo a shafa jan fenti. Yara suka yi cacar baki har sai da mutane suka shiga tsakani. Na sallami leburori, na kira Yayana da ke Tudun Wada, wanda ya yi aikin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya.

Yaya ya zo ya zagaya ramin, ya ce, "Ke da kike malama, bari in yi miki karatu. Mu a birni mun saba gini da izinin maƙwabci da mai unguwa, amma doka ba ta tsaya nan ba." Shi ya fahimtar da ni cewa tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filayen birane suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, mu haƙƙin zama muke da shi. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa a 2015, ita ke kula da takardun fili, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini, ko sabo ne ko ƙari a kan tsoho. Ya tuna mini yadda aka rusa gine-gine a Kaduna da nan Zariya a zamanin mulkin Malam Nasir El-Rufai, ya ce kuɗin fanshon mace mai marayu ba abin da za a yi caca da shi ba ne. A nemi takarda tukuna.

Abin da muke da shi a hannu shi ne takardar rabon gado ta kotun shari'a da wata tsohuwar takardar shaida mai sa hannun mai unguwa. Gidajen birni da yawa haka suke, gado ne bisa gado, ba wanda ya taɓa neman takardar mallaka ta gwamnati don ba wanda ya taɓa tambaya. Da su muka fara. Aka kawo safiyo ya auna gidan, wani mai zanen gidaje da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya zana, injiniya ya duba ƙarfin ginshiƙai da yawan rodi tunda akwai niyyar hawa sama, ya buga hatiminsa. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma duk daga kuɗin siminti ake cira. Na ji zafin haka ƙwarai. Amma injiniyan nan ne ya gano cewa ramin da maginina ya haƙa bai kai zurfin da zai ɗauki bene ba, kuma ya matse tsohuwar katanga fiye da kima. Ni da na haifi yaran da za su kwana a ƙarƙashin dekin ɗin, ban ga asarar kuɗin da na ba shi ba.

Ma'aikatan da suka zo duba wurin sun yi aikinsu cikin mutunci. Suka ja tef, suka ce sabon gini ba zai hau kan iyaka ba, sai an bar tazara, kuma ruwan rufi da na banɗaki kada ya fita zuwa gidan wani ko ya kwanta a lungu, a haƙa sokawe a cikin gida. Falon ya ragu, mai zane ya sake zama.

A tsawon wannan lokaci gidajen biyu ba ma ga maciji. Jikokin Inna da ke zuwa ɗiban ruwa a rijiyarmu suka daina, aka riƙa aika su unguwar gaba da bokiti a ka. Aka yi suna a gidan, ban ji ba sai da na ga mata suna wucewa da kwalliya. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Na yi rashin miji, ga shi ina neman yin rashin uwa tana raye, bango ɗaya tsakanina da ita ina jin tarinta da dare.

Da izini ya fito, ɗana ya shigo yana ɗaga takardar, ya ce, "Umma, yanzu sai mu ga wanda zai hana mu." Na karɓa na sa a ƙarƙashin katifa, na ce masa ba za a kwaɓa siminti ba sai an zauna da Baba. Takardar ta raba mu da hukuma, amma ba ta ce komai a kan matan da ke kitso a tsakar gida ba. Idan na gina da ƙarfin hatimi, da wane ido zan dubi Inna ranar da za a kawo amarya?

Mai unguwa ya sa rana. Aka zauna a zaurensa bayan isha'i, da liman da dattawa biyu da suka san gidajen tun suna yara. Yaya ne wakilina, ni ina daga ciki wajen matan gidan ina saurare. Liman ya fara da hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Sannan ya kawo abin da duk wanda ya yi karatun zaure ya sani a Risala, cewa ba cuta ba cutarwa, kuma mutum ba zai buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa ba, ko ya yi ƙofa daura da tasa, ko ya haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Ya juya wajen Baba ya ce haka nan ba a hana mai ƙasa gini a ƙasarsa idan ya kawar da cutar.

Yaya ya shimfiɗa zanen a kan tabarma, aka haska da fitilar waya. Bangon gabas babu taga ko ɗaya a sama, sai 'yan ƙananan kafofin iska can kusa da rufi inda ko dogo ba zai leƙa ba. Matakala ta yamma za ta bi. Rufin zai zubo ruwansa cikin gidanmu. Tsohuwar katanga ba za a taɓa ta ba, za mu ta da tamu daga ciki, kuma na ɗauki nauyin yaɓe gindinta ta ɓangarenmu duk shekara kafin ruwa ya sauka. Mai unguwa ya ce a rubuta, har da sharaɗin cewa ko an sayar da gidan ko an sa 'yan haya ba za a fasa taga ta gabas ba.

Saura maganar taku biyu. Ɗaya daga cikin dattawan, wanda idonsa ya riga ya tafi, ya ce shi da ƙafarsa ya taka ƙasar da aka yi tubalin katangar nan yana yaro, kuma gidajen biyu ne suka yi gayya suka ciyar da magina. Zaure ya yi tsit. Mai unguwa ya ce, "Baba, ka ji." Baba ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. A rubuta." Aka shafa fatiha.

Sai dai jinkirin ya ci mu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, rodi da kuɗin tifar yashi suka bi shi, tunda dama an cire tallafin mai tun watan Mayun 2023 komai ya tashi. Kuɗin da na lissafa zai kai mu rufi, a linta ya ƙare. Azumi ya kama, gini yana tsaye ba dekin ba ƙofa.

A cikin goman farko, ana gab da kiran magariba, sai ga ƙaramar jikar Inna da kwanon ƙosai da kunun tsamiya, ta ce Inna ta ce a gaishe ni da shan ruwa, kuma wai gugarsu ta tsinke ko za a ara musu tamu. Na ce ta koma ta ce rijiya tasu ce. Da kaina na shiga gidan bayan tarawihi, muka zauna da Inna har dare ya raba, ba wadda ta ta da zancen gini.

Ana sallah da kwana kaɗan kuma iyayen yarinya suka aiko cewa su fa sun gaji da jira, ko a tsayar da rana ko a ba wani dama, don akwai mai nema daga Sabon Gari. Yadda na samo kuɗin dekin, da abin da na sayar wanda ban taɓa zaton zan rabu da shi ba, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.