Ina kuɗin katin ya tafi?

Shagona yana bakin titi a Kurna, cikin Kano. Katin waya da data nake sayarwa, ni da yaro guda da ke taya ni. Da lema da teburi na fara, da waya ƙwaya ɗaya, zamanin da mutum zai zo ya biya ya yi kira ya wuce. A lokacin da minti ake lissafi. Ko gaisuwa ba ku gama ba layi ya yanke, kuɗin minti ya tafi cif. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka bi sahu. Wancan tsarin da ciwo, amma a fili yake, kowa ya san abin da zai biya. Na yanzu shi ne yake hana ni sukuni, domin kuɗi na fita mai shi bai san ƙofar da suka bi ba.

Mutane da yawa sun ɗauka mu da kamfani abu ɗaya ne. Lambobi muke sarowa a hannun dila, mu buga su a takarda, mu yayyanka. Ribar naira biyu ce zuwa uku a kan kowace ɗari. Sai na sayar da katin dubu hamsin kafin in ga dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma a ciki zan cire kuɗin takarda da man janareta da abincin yaro. Duk abin da aka zare bayan an loda kati, ko kwabo ba ya zuwa aljihuna. Amma kamfani ba shi da benci a unguwa, ni ke da shi. Don haka ni ake zo wa da fushi.

Akwai wani dattijo mai sayar da goro a gefen masallaci, ya fi shekara goma yana sayen kati a wurina. Ranar wata Talata ya zo ya tsaya a kaina, ko zama bai yi ba, ya ajiye 'yar ƙaramar wayarsa da aka ɗaure da roba a kan teburi.

"Ɗana, ka ji tsoron Allah. Na ɗari biyar na saya a hannunka shekaranjiya. Kira ɗaya na yi zuwa Ɗanbatta, yau an ce min ba ni da kuɗi."

Na ce, "Baba, zauna tukuna, bari in duba."

Da na buɗe akwatin saƙo sai na tarar da su jere, duk da Turanci. An sa masa waƙar da mai kira ke ji, an sa masa labarin ƙwallo na kullum, ga wani wasan kacici-kacici a kai. Kowanne yana cire nasa, wani kullum, wani duk mako. Mutumin da ko sunan ƙungiya ɗaya bai sani ba. Abin da ya faru, wani rubutu ne yake faɗowa a fuskar wayar, shi kuma ya danna don ya kawar da shi ya ga agogo, ashe dannawar nan ita ce amincewa. Na danna *305# na soke su ɗaya bayan ɗaya yana kallo, sannan na tura STOP zuwa 2442 don a daina turo masa tallace-tallace. Ya jima shiru, sannan ya ce in yafe masa zargin da ya yi min. Wallahi ni ne na ji nauyi, domin a hannuna ya sayi katin.

Wannan ƙofa ɗaya ce kawai. Bashin kati ma yana nan: ka ranci ɗari, tamanin da biyar ke shigowa, amma ɗari za a cire da zarar ka loda. Sai mace ta sayi katin ɗari biyu ta ga saura ɗari, ta dawo ta ce na ba ta jabu, alhali ɗanta ne ya ci bashi da wayar da daddare. Ga garaɓasa, wadda ake ce maka an ninka maka kuɗinka, ba a gaya maka da babbar murya cewa tana da ranar mutuwa ba, kuma a wasu tsare-tsaren ta fi ainihin kuɗin saurin ƙonewa. Tun tsakiyar 2025 kuma, in ka yi hulɗar banki ta hanyar danna lambobi, naira 6.98 ɗin da ake caja daga kuɗin waya ake cire ta. 'Yan kasuwa masu duba asusu sau goma a yini su suka fi jin wannan.

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Mutane sun yi ta kuka, ciniki ma ya ja baya a wurina na ɗan lokaci. Duk da haka ban yi rigima da wannan ba kamar yadda nake yi da cirar ɓoye. An faɗa a rediyo, wanda zai iya ya saya, wanda ba zai iya ba ya rage surutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a nemi amincewar mutum da harshen da ba ya ji. Kamfanin da ya iya tsara talla da Hausa mai daɗi a gidan rediyo, ba zai gagare shi rubuta "za a riƙa cire maka naira hamsin duk mako" da Hausa ba.

Hanyar kai ƙara tana nan. Ka fara kiran kamfaninka a 300, ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su share maka hawaye ba ka kira NCC a 622, kyauta ne. Na sha zama da mutane muna kira, wani lokaci a dawo da kuɗin, wani lokaci a ce ai kai ka danna. Yawanci tun kafin a ɗauka mutum ya gaji, ya ce ya bar su da Allah, ba zai kashe rabin awa a kan naira hamsin ba. Ni kuwa in na tuna layukan da ke aiki a Najeriya sun haura miliyan 150, sai in ga naira hamsin ɗin nan ba ƙaramar aba ba ce.

Yanzu na rubuta lambobin a jikin kwali da manyan baƙi na manna a ƙofar shago: *310# duba kuɗi, *323# duba data, *305# soke abin da ba ka so. Na koya wa yarona, duk wanda ya zo da ƙorafi kada ya yi musu da shi, ya karɓi wayar ya duba, ba a biyan ko sisi. Baba mai goro ya dawo ranar Juma'a bayan an sauko, da wayoyi huɗu a aljihun rigarsa, na abokan zamansa. Uku daga ciki mun tarar ana cirar su.