Watanta nawa, Alhaji?

Ana saura wata biyu azumi wani Alhaji ya shigo ofishina a titin Gidan Zoo, ya ajiye mukullin mota a kan tebur, ya ce Umarar goman ƙarshe yake so shi da iyalinsa, kuma kada in kawo masa zancen masauki a unguwannin Misfala ko Aziziyya. Ɗaki yake so a dogon benen nan mai agogo, wanda da ka yaye labule sai ga Ka'aba. Na ce to, mutum nawa? Ya ce biyu. Har na fara rubutu sai ya ƙara da cewa, "Sai 'yar jaririya, amma ita ai ba a lissafa ta."

Na ajiye biro. Na ce, "Alhaji, ai ita za mu fara lissafawa. Watanta nawa?"

Ya yi dariya, ya ce biyar ko shida, bari ya kira uwarta. Na ce in ya kira ta ya miƙo mini wayar, domin sauran tambayoyin ba shi zai amsa su ba.

Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce, kuma rabin aikinmu Umara ne. Mu huɗu ne a ofis: ni, da yaro mai yankan tikiti, da yarinya mai kula da biza da takardu, da direba. Muna aiki da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON. Ɗakunan da muke sayarwa ba daga hannun otal muke karɓarsu kai tsaye ba, yawanci daga dillalan can ne, waɗanda ke kama ɗakuna da yawa tun da wuri su riƙa sayar mana kaɗan-kaɗan. Abin da ya rage mana a tsakani shi ne la'adarmu, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne. Saboda haka kwastoman da ya dawo yana sa albarka ya fi mini ribar tafiyar kanta, don shi zai turo mini ƙanensa da surukinsa baɗi.

Abin da ya sa mai goyo ba ta fita ofishina sai na yi mata tambayar ƙwaƙwaf, ni ma na taɓa shan wuyar. A 2019 na kai rukunin mutane Umara, autata na wata 8 a bayana. Da yake ni ce mai kamfani, na ce bari in ɗanɗana abin da nake sayar wa mutane, na kama wa kaina ɗaki a ɗaya daga cikin manyan otal-otal masu tauraro biyar da suka kewaye Harami. Ba zan kama suna ba. A hoto kam aljannar duniya: kafet mai laushi, gado kamar ka nutse, taga tun daga ƙasa har rufi.

Jirginmu ya sauka Jidda da asuba, kafin mu gama da jami'an shige da fice mu kama hanya, ƙarfe goma na safe muna Makka. A teburin karɓar baƙi wani saurayi mai fara'a ya ce ɗaki sai ƙarfe huɗu na yamma. Wannan doka ce da na sani, ni da kaina nake karanta wa mutane ita, amma ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar da na zauna awa shida a kujerar falo da yarinya mai fitar haƙori, jakar kayanta tana can cikin tulin akwatunan da aka kulle a sito. Kunzugu biyu ne a jakar hannuna. Na biyun ya ƙare kafin azahar.

Da muka hau, babu gadon jariri. Na nema tun daga Kano, dillali ya ce an rubuta. Aka ce mini ai in akwai ne ake bayarwa, kuma duk an rarraba. Gadon manyan kuwa yana da tsayi, yarinya ta fara rarrafe, ƙasan banɗaki marmara ne mai santsi. Dare huɗu na yi ina barci da ido ɗaya, na jera matasan kai a gefenta kamar shinge. Sai sanyin esi. Na kashe na ɗakin, amma barandar da falon cin abinci da lifta duk ƙanƙara, ka fito waje kuma rana ta dake ka. Kwana biyu da wannan shiga da fita yarinya ta kwashi mura.

Amma babban abin da ya karya ni lifta ce, kuma ita ce babu wanda ke sa ta a hoton talla. In an ce maka otal yana bakin Harami, gaskiya ne, daga ƙofar ginin zuwa farfajiya taku kaɗan ne. Sai dai kai ba a ƙofar ginin kake kwana ba. Benen agogon nan, Abraj al-Bait, da aka kammala a 2012, tsayinsa mita 601 ne, otal-otal da dama ne a harabarsa, ƙasansu kuma kasuwa ce hawa-hawa. Manyan gine-ginen Jabal Umar ma haka suke, sama suka miƙe. Sau da yawa sai ka shiga lifta ɗaya daga ɗakinka zuwa falo, ka canza wata zuwa ƙasa. Rabin awa kafin kiran salla dubban mutane ke sauka a lokaci guda, lifta ta iso hawanka a cike, ta buɗe, ku kalli juna da mutanen ciki, ta rufe. Bayan sallama kuma duk su dawo tare. Na taɓa tsayuwa a layin hawa bayan isha'i, yarinya na tsala kuka a bayana saboda yunwa, madararta tana sama can hawa na talatin da wani abu, ina kallon lambobi suna canzawa. Wata tsohuwa 'yar Indunusiya ce ta riƙa yi mata wasa da carbi har muka samu shiga.

Tun daga wannan tafiyar na canza yadda nake sayar da ɗaki ga mai goyo. Hawa na ƙasa-ƙasa nake nema mata, ko da tagar tana kallon dutse ne. In ginin yana da masallacin ciki da ake bin limamin Harami ta lasifika, ina gaya mata hawan da yake, domin ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi nan ne zai cece ta. Hukuncin bin salla daga can kuwa na malamai ne, ina ce mata ta tambayi nata malamin kafin ta tashi. Gadon jariri ba na yarda da "an rubuta" a baki, sai na ga an sa shi a takardar tabbacin ɗaki, sannan ana gobe za su isa in sake kiran otal ɗin da kaina. In jirgi zai sauka da sassafe, ina ba mutum shawara ya biya daren da ya gabata, ya tarar da ɗakinsa a buɗe. Wasu na ganin wayon cin kuɗi ne. Sai in ba su labarin kunzuguna biyu.

Akwai ƙananan abubuwa da mai kuɗi bai san ana tambaya ba. Butar lantarkin da ke ɗaki, wadda baƙo dubu suka dafa abin da suka ga dama a ciki, ba ita za a dafa ruwan madarar jariri da ita ba sai an wanke ta an tafasa ruwa an zubar, ni dai ina ce wa mata su taho da 'yar ƙaramar tasu da filas. Firjin ɗaki wani lokacin a cike yake da lemukan sayarwa, sai an roƙa a kwashe. Bahon wanka ba kowane ɗaki ke da shi ba, kuma ba a yi wa ɗan wata biyar wanka a tsaye ƙarƙashin shawa, don haka roba mai naɗewa tana cikin jerin da nake ba su. A wasu ɗakunan akwai lasifikar da ke kawo kiran sallar Harami har gefen gado. Ni'ima ce, amma in kin sha fama kin kwantar da yaro ƙarfe uku na dare, gara ki san inda maɓallin rage sautin yake. Madara da kunzugu kuwa akwai su a kantunan ƙasan benen, irin su Bin Dawood, sai dai yaron da ya saba da madara iri ɗaya ba a canza masa ita a bakin tafiya. Garin kunu da ɗan yaji na uwar ma ina sa su a jeri, domin mai shayarwa ba ta ƙoshi da zaitun da cuku.

Takardu ba su da wuya in an fara da wuri. Jariri ko kwanansa arba'in ne fasfonsa daban, bizarsa daban, kuma ba a yi masa fasfo sai da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da amincewar iyaye. Katin rigakafinsa ya zama a cike, musamman ɗigon shan inna. Wanda bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, tikitinsa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Inda ake faɗawa rami shi ne yaron da zai cika shekara biyu yana can: dawowarsa sai da kujera, kuma na ga wanda ya gano haka a filin jirgin Jidda. Daga Kano zuwa Jidda kusan awa 5 ne, saboda haka muna neman kujerun gaba inda ake maƙala wa jariri ɗan gado a bango, su ma sai an riga wasu. Tsakanin Makka da Madina kuwa na daina sa masu goyo a bas. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye kilomita 450 ɗin nan cikin kamar awa biyu da rabi, bas kuma sai ta yi biyar ko shida, yaro yana kuka, fasinja suna juyowa suna kallonki.

Wani abin da nake jin daɗin faɗa wa matan zamani, waɗanda ke zuwa mini da hoton keken jarirai na dubban ɗaruruwa suna tambaya ko jirgi zai ɗauka: zai ɗauka, amma a ƙasan filin ɗawafi askar, wato jami'in tsaron Harami, ba zai bar ki ki shiga da shi ba, an hana. Sai dai hawan sama, inda zagaye ɗaya ya ninka na ƙasa nesa ba kusa ba. Sa'ayi kuma tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita 3. A nan zane da majanyi suke nuna su na gado ne. Na ga Larabawa da Turkawa suna fama da yaro a kafaɗa, hannu ya sage, tamu kuwa ta ɗaure nata tamau ta saki hijabi a kai, hannayenta biyu a sake tana addu'a. Abin lura kawai shi ne cunkoso da zafi: kada a lulluɓe fuskar yaro, kada a kusanci wajen Hajarul Aswad da goyo ko da wasa, a kuma zaɓi lokacin da mutane suka ragu.

Maganar kuɗi ita ce mai ɗaci yanzu. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, riyal ɗaya ya kai naira 400. Ɗakin da ake biya da riyal kuma a goman ƙarshe yakan ninka kuɗinsa na sauran watanni sau da yawa, kuma a dunƙule ake sayar da kwanakin. Ni kuwa kafin alƙalami nake karɓa da naira, in biya dillali da riyal bayan mako biyu ko uku, in canji ya motsa a tsakani daga aljihuna yake fita. Sau ɗaya na yi wannan asarar, ta ishe ni darasi, yanzu ranar da aka ba ni kuɗi ranar nake canza su.

Shi ya sa da na gama magana da matar Alhajin nan a waya, na ji yarinya wata biyar ce, nono kawai take sha, haihuwar fari ce, kuma uwar ba ta taɓa shiga jirgi ba, sai na juya takarda na yi masa lissafi biyu. Na farko ɗakin da ya zo nema, can ƙololuwa, mai kallon Ka'aba. Na biyu ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani a hawa na ƙasa, ba su kallon komai sai bangon wani bene, da tikiti da bizar mutum ɗaya ƙari. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Ya ce, "Mutum ɗaya wa?"

Na ce, "Kakar yarinyar, Alhaji. In ba haka ba, kai za ka yi tahajjud, Hajiya ta yi raino a ɗaki mai tsada."

Ya yi shiru yana juya mukulli. Ya ce shi fa ya riga ya gaya wa abokansa zai turo musu hoton Ka'aba daga taga. Na ce hoton ai ana ɗaukarsa daga farfajiya kyauta. Ya ce zai yi shawara. Kwana uku ban ji ɗuriyarsa ba, har na cire rai. Rana ta huɗu direbansa ya kawo ambulan, fasfo huɗu a ciki, na huɗun na wata dattijuwa ce 'yar shekara sittin da ɗoriya, sabo fil ko tambari ɗaya babu.

Daren 27 ga wata wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga matar, tana magana ƙasa-ƙasa, ana jin karatun liman a bayanta. Ta ce tana cikin Harami, Inna ta yi asham ta koma sama wajen yarinya, sun yi rabo ke nan tun da suka zo. Sai ta ce, "Hajiya, don Allah ina ake rage sautin lasifikar nan ta ɗaki? Inna ta ce ta duba ko'ina ba ta gani ba."