Abin da aikin gyaran bindigogin iska ya koya mini game da mai araha

Shekarun da na yi ina gyara bindigogin iska tare da saita su ga masu farautar ƙananan dabbobi, irin su zomo da kurege da tattabaru, sun nuna mini cewa yawancin masu neman bindiga mai araha suna fara duba abin da bai kamata a fara dubawa ba, wato gudun harsashin da aka rubuta a jikin kwali. Kamfanoni kan buga ƙafa 1,000 ko 1,200 a daƙiƙa ɗaya, amma sau da yawa da harsashi marar nauyi wanda ba na dalma ba ake samun wannan adadi, kuma ba shi mafarauci zai ɗura ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato kusan ƙafa 1,125, shi kuwa harsashin bindigar iska, mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, yakan fara tangaɗi idan gudunsa ya kusanci wannan iyaka. Wurin da za a sami zomo ya mutu nan take, tsakanin ido da gindin kunne, bai wuce faɗin santimita 2 zuwa 3 ba. Bindigar da ba ta iya sa harsashi a wannan ɗan wuri sau bayan sau raunata dabba kawai za ta yi, ta bar ta ta je ta mutu cikin wahala a rami, kuma wannan alhaki ne da ba na so kowa ya ɗauka.

Hujjata a kan cewa saiti ya fi ƙarfi muhimmanci ita ce dokar Ingila, inda bindigar iska da ake riƙewa ba tare da takardar izini ba ba ta wuce ƙarfin jul 16 ko kusa da haka (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), amma da irinta mafarautan can suke kashe zomaye daga nisan mita 25 zuwa 30. A Jamus iyakar ta fi ƙasa, jul 7.5 ce. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har game da dabbobin da aka yarda a harba, don haka wajibi ne mutum ya san ta inda yake kafin ya fitar da kuɗinsa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, na fi ba da shawarar bindiga mai sifirin wadda ake karya bututunta a ɗana ta, domin ba ta buƙatar komai bayan harsashi. Wadda ake cika wa iska tun kafin fita ta fi sauƙin harbi, amma tana ɗaukar matsin iska har 200 ko fiye a ma'aunin matsi na "bar", sai an haɗa da famfo na musamman ko tukunyar iska, abin da ke fitar da ita daga sahun masu araha. Mai amfani da ƙaramar tukunyar gas ta giram 12 kuwa ƙarfinta yana raguwa idan gari ya yi sanyi. Batun faɗin harsashi ba shi da wuyar warwarewa: mai milimita 4.5 ya fi tafiya a miƙe, mai milimita 5.5 ya fi nauyi da dukan nama amma yana saurin sunkuyawa, sai mai shi ya iya ƙiyasta nisa. Na fi damuwa da kunama. Idan tana da tauri ko tana ja da kakarewa, hannu zai karkatar da bakin bindiga kafin harsashi ya fita, ko da kamfanin Weihrauch ko Diana ko Gamo ne ya ƙera ta.

Darasin da ya fi ɗaukar masu bindiga lokaci kafin su yarda da shi shi ne yadda ake riƙe mai sifirin. Idan aka ja kunama, fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, yana rugawa gaba, bindigar ta koma baya, sannan ta sake zabura gaba lokacin da fistin ya tsaya, duk wannan kuwa harsashi bai gama barin bututu ba. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi, ko ya ɗora ta a kan dutse ko katako, zai ga harbinsa ya warwatse ya ɗauka bindigar ce ba ta da kyau. Ana ɗora ta ne a tafin hannu a buɗe, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta motsa yadda take so. Wannan zabura ta gaba da baya ita ce kuma ke lalata madubin saiti wanda ba a ƙera shi don bindigar iska ba, har da wasu masu jure manyan bindigogin albarushi. Haka nan kowace bindiga tana da harsashin da ya fi dacewa da bututunta, kuma ba a gane shi sai an gwada iri-iri a kan takarda daga nisa ɗaya, bayan sabuwar bindigar ta yi ɗaruruwan harbi ta zauna.

A ɓangaren kulawa, bindigogin da ake kawo mini a lalace sun fi mutuwa ta hanyar yawan mai fiye da ƙarancinsa. Idan aka ɗiga man inji a ramin da iska ke fitowa, matsi da zafin da fistin ke haifarwa za su kunna shi, kamar yadda injin dizal yake kunna mansa ba tare da tartsatsi ba. Sai a ji ƙara mai ƙarfi, a ga hayaƙi, robar kan fistin ta ƙone, wani lokaci ma sifirin ya karye. Abin da ɗakin iska ke so shi ne ɗigo ɗaya ko biyu na man silikon da aka yi domin wannan aiki, shi ma sai bayan dogon lokaci. Harba ta babu harsashi yana yin irin wannan ɓarna, domin fistin yana dukan ƙarshen ɗakin ba tare da iskar da za ta tare shi ba. Barin ta a ɗane na dogon lokaci kuma yana gajiyar da sifirin.

Bututu ba ya buƙatar wanki akai-akai tunda babu albarushin da ke barin toka. Idan saiti ya fara lalacewa sai a ja ɗan ƙyalle mai tsabta da zare daga baya zuwa baki, a guji burushin ƙarfe. Amma kafin a zargi bututu, a duba notocin da ke riƙe ƙarfe da katako da na madubi, domin girgiza tana kwance su a hankali, kuma sau da yawa ɗaure su kaɗai ke dawo da saiti. Bayan kowace fita a goge ƙarfen waje da ƙyalle mai ɗan mai saboda gumin hannu yana jawo tsatsa, a wanke hannu saboda dalma, a ajiye bindigar a kulle nesa da yara. Yayin ɗura harsashi kuma dole hannu ɗaya ya riƙe bututun da aka karya, domin idan kunama ta kuɓuce zai komo da ƙarfin da ke iya lanƙwasa shi ko datse yatsa. Ƙaramar robar da ke zagaye da mashigar harsashi ita ma a riƙa duba ta, domin idan ta cinye iska tana zurarewa, harsashi yana faɗuwa ƙasa da inda aka auna, alhali canja ta aikin 'yan mintoci ne.