Daga Khartum zuwa Mai Wurno da jakar tambayoyi

A lokacin, motar Wad Madani daga babbar tashar Khartum take tashi, wadda suke kira Mina Barri, kuma da sanyin safiya ake son kama ta. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 muka yi wannan tafiya. Ɗan ƙanwata ne ya ja ni, haifaffen Sudan, yana binciken digiri na biyu kan ko Hausawan Sudan na riƙe da harshensu a cikin gida. Ni nawa rakiya ne da riƙon jakar takardun tambayoyi.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, Shuɗin Nilu ta hagu, gonakin Jazira ta dama har iyakar gani. Tun 1925 da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar ake noman auduga a nan da ruwan kogi, kuma mutanenmu na cikin masu tsintar ta. Da yawa maniyyata ne da suka tsaya neman guzuri a hanyar Makka, tsayuwar ta zama zama.

A mota ya nuna min tsarinsa. Ba zai iya shiga kowane gida ba, don haka samfuri zai ɗiba: ya karɓo jerin ƙauyuka daga ofis, ya jefa ƙuri'a ya fitar da wasu, a kowane ƙauye kuma ya shiga gida ɗaya ya tsallake huɗu. Ya ce ƙuri'a ba ta san gidan dangi ba, ba ta san gidan da ake ba da shayi ba. Na ce madalla.

Direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, da ya ɗauke mu a bayan Madani Bahaushe ne. Ya karɓi jerin ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Ustaz, ina kambo a nan?" Kambo shi ne zangon 'yan ƙwadago a bakin magudanar ruwa, ɗakunan laka da na kara, kuma da yawansu ba sa cikin takardar hukuma a matsayin ƙauye. A can kuwa Hausar ta fi kauri. Wanda ba ya cikin jeri ƙuri'a ba za ta taɓa faɗawa kansa ba. Mai sayen dawa can cikin buhu yake soka hannu, don ya san ta sama an tankaɗe ta. Sai muka bi gaɓar magudana muna rubuta zangunan da hannu, wannan dattijo ya tura mu wurin wancan. Hanyar na da aibinta, domin kowa abokinsa yake nuna maka, amma ta fi rufe ido.

Matsalar tsohuwa ce. Ƙidayar farko ta Sudan, ta 1955 zuwa 1956, ita ma da samfuri aka yi yawancinta, ta 2008 kuwa ba ta tambayi ƙabila ba sam. Shi ya sa in mutum ya ce maka Hausawan Sudan miliyan kaza ne, ka tambaye shi inda ya ƙirgo su.

A Sinnar muka ci agashe a bakin kasuwa, yajin ƙuli-ƙuli kamar a Kano, muka ƙarasa Mai Wurno, kaɗan kudu da garin. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa garin da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Fulatanci ya fi yawa a tituna, amma akwai gidajen Hausawa.

A zauren wani tsoho aka kawo jabana, wato butar gahawa, da ƙananan finjalai. Tambaya ta farko da ta biyu lafiya. Ta uku ta ce, "Daga ina kakanka ya zo, kuma yaushe?" Tsohon ya ajiye finjali ya ce, "Yaro, wa ya aiko ka?" Yaron ya ce, "Baba, karatu ne kawai." Ya ce, "Rubuta Sudan." A waje ɗan ƙanwata ya yi min bayani: dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na Sudan tun ƙarshen 1897, jama'ar Burmi kuwa bayan nan suka iso. Ga mai karatu tambaya ce ta cike gurbi. Ga tsohon, irinta ce aka yi ta hana mutane takarda da ita. A ganina tambaya irin wannan ƙarshen takarda ya kamata ta koma, bayan an saba, in ma dole ne a yi ta.

Akwai kuma cikin gida, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Dole aka nemo wata malamar makaranta ta shiga wurin mata, ni kuma na zauna a kan tabarma ina kallo kawai. Mai gida ya riga ya amsa cewa Hausa zalla ake yi a gidansa, har da bugun ƙirji. Can sai ya kira jikarsa: "Ke, kawo ruwa." Ta ce, "Hadir, ya jiddu," wato "To, kaka" da Larabci, ta juya ta kira ƙaninta da Larabci, shi ma ya amsa da Larabci. Tsohon ba ƙarya ya yi ba, shi Hausar yake yi musu. Su ne ba sa mayar masa da ita, takardar kuma ba ta da gurbin wannan.

Da dare a masauki ya raba tambayar gida uku: da wane harshe kake yi wa yara magana, da wane suke amsa maka, da wane suke wasa tsakaninsu. Ya ce, "Kawu, gobe kai za ka riƙe littafin lura, ka rubuta wa ya yi magana da wa." Da asuba muka koma Sinnar neman shagon da zai buga mana sababbin takardu kafin motar Gadarif ta cika.